Yadda Ake Gane Jakar Bututun Fitsari a Jikin Mace

A Bauchi da Gombe, kusan duk abin da ya dami mace daga cibiya zuwa ƙasa, sanyi ake ce masa. Zafin fitsari sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, zafi wajen kwanciyar aure ma sanyi ne. A leƙa kemis a haɗo Flagyl da Ampiclox, a bi da jiƙon sassaƙe, a samu sauƙi na sati uku, abu ya dawo. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne kawai, in an dace da maganinsu an rabu ke nan. Amma akwai matan da ko buhu guda na kafso suka sha ba za su rabu da shi ba, domin a jikinsu akwai wani lungu da fitsari ke kwanciya yana ruɓa, kuma magani ba ya share lungu. Wata 'yar jaka ce da ke fitowa a gefen bututun fitsari, likitoci na ce mata daibatikulum.

Bututun da ke kai fitsari daga mafitsara zuwa waje gajere ne a jikin mace, kusan santimita 4, kuma a manne yake da bangon farji na sama, wato ɓangaren da ke kallon mara. A gefensa akwai wasu ƙananan kafofi masu tsattsafo da ruwa mai yauƙi zuwa cikin bututun, waɗanda aka laƙaba wa sunan Alexander Skene, likitan matan da ya yi bayaninsu a 1880. In ƙwayar cuta ta shiga ɗaya daga cikinsu bakin ya toshe, sai ƙurji ya taru. In ƙurjin ya fashe ta cikin bututun, sai ya bar rami mai ƙaramin baki. Daga nan duk lokacin da mace ta yi fitsari, wani ya ratse ya shiga ramin ya zauna, kamar tiyon ban ruwa da ya yi ƙulli a gefe, an kashe famfo amma ƙullin na riƙe da ruwa. Wannan ita ce hanyar da aka fi yarda da ita. Rauni wajen haihuwa, tiyata a wurin, da yankan gishiri su ma suna iya raunana bangon bututun.

Ba sabon ciwo ba ne. Wani likitan tiyata a Ingila, William Hey, ya rubuta labarinsa tun 1805. Ƙiyasin da ake yi shi ne mace 1 zuwa 6 a cikin 100 na iya kasancewa da jakar, galibi masu shekara 30 zuwa 60, wasu ba ta taɓa damunsu har su koma ga Allah. Matsalar dai ganowa ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna matan da aka duba a matsakaicin lissafi sun yi sama da shekara 5 suna fama, sun ga likitoci daban-daban kusan 9, kafin a gane. A Amurka fa ke nan. To ina ga baiwar Allahn da ke Darazo ko Bajoga, wadda sai ta nemi izini, ta nemi kuɗin mota, ta kuma danne kunya kafin ta buɗe baki?

Mataki na farko: ki zama mai lura da jikinki

Kafin likita, kafin hoto, ke ce za ki fara aikin. Alamar da ta fi kowace tona asirin jakar ita ce ɗigon fitsari bayan an gama. Kin tsuguna, kin yi, kin jira, kin yi tsarki da buta, kin tabbatar babu saura. Kin miƙe kin ɗaura zani, wataƙila har kin yi alwala kin shimfiɗa darduma. Kina sunkuyawa ruku'u sai ki ji ɗumi, ɗigo biyu ko uku, wani lokaci har ya jiƙa kamfai. Abin da ya faru shi ne mafitsara ta zazzage, amma jakar ba ta zazzage ba, sai da motsi ya matse ta. Mata da yawa sun daɗe suna zaton waswasi ne, suna ta sake alwala suna zargin kansu. Hukuncin salla ki tambayi malamai, sun san sauƙin da addini ya yi wa mai irin wannan lalura, amma dalilin ɗigon na asibiti ne.

Ki gwada da kanki. Bayan kin gama fitsari kin tsane jiki sarai, ki naɗe farin ƙyalle mai tsabta ko tishu ki sa a kamfai, ki yi tafiya cikin gida na minti biyar, ki zauna ki tashi, sannan ki duba. Ki kula da launin abin da ya fito: fitsari ne garau, ko mai gurɓi ne, ko mugunya ce mai wari, ko da jini-jini. Ki maimaita na kwana uku.

Sauran alamun su ne zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, da zafi wajen saduwa. Wannan zafin yana da wurinsa: ba can ciki wajen mahaifa ba, a kusa ne, a sama, daidai ƙarƙashin ƙashin mara, kuma wata za ta lura bayan saduwa wani ruwa mai wari ya fito ta mafitar fitsari. Littattafan likitanci na jera waɗannan uku tare, ɗigo da zafin fitsari da zafin saduwa, amma kaɗan ne daga cikin mata ke haɗa ukun. Kada ki ce tunda ɗaya kike ji ba shi ba ne. Wata yawan fitsari ne kawai ke damunta, wata matsuwa, wata jin nauyi kamar akwai abu a gaba, wata kuwa da hannunta take jin ƙulli in tana wanka.

Sai lissafi. In ciwon fitsari ya kama ki sau biyu cikin wata shida, ko sau uku cikin shekara, likitoci na ɗaukarsa ciwo mai dawowa, kuma dole a nemi dalili. Ki samu takarda, ko ki sa 'yarki ta rubuta miki a waya: yaushe ya fara, wane magani kika sha, kwana nawa, bayan sati nawa ya dawo. Kwalayen magungunan ma ki tara a leda. Wallahi ledar nan ta fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Mataki na biyu: ki raba shi da masu kama da shi

A yankinmu da an ce mace na zubar da fitsari, hankali na tafiya kan yoyon fitsari. Shi yoyo ba ya jiran ki je bayi. Dare da rana yake zuba, a zaune da kwance, kuma kusan kullum yana da ranar farawa: bayan doguwar naƙuda, bayan tiyata, ko bayan yanka. Mai wannan ta nufi cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi, can aikinsu ke nan. Akwai kuma wadda fitsari ke kuɓuce mata in ta yi tari, atishawa, dariya ko daka, wannan raunin naman da ke riƙe mafitsara ne, ya fi yawa ga masu haihuwa da yawa. Akwai wadda da ta ji matsuwa ba ta kaiwa bayi. Ita jaka ɗigonta bayan fitsari ne, ko da yake tana iya haɗuwa da na tari a jikin mace ɗaya.

Jini a fitsari kuwa, musamman ga mutanen bakin ruwa irin masu noman rani a kewayen Dadin Kowa, a fara duba tsargiya. Amma kada tsargiya ta zama wani sabon sanyin, a jingina mata komai.

Mataki na uku: gwajin fitsari, kafin a haɗiye ko ƙwaya ɗaya

Nan ne aka fi yin ɓarna. Mace ta sha magani kwana huɗu, sannan ta kai fitsari, sakamako ya fito babu komai, a ce lafiyarta ƙalau. Ki kai fitsarin kafin magani. Ki karɓi kwalbar ɗakin gwaji, ba kwalbar gida ba. Ki wanke hannu, ki wanke gaba da ruwa zalla, ki buɗa da yatsu biyu, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki rufe. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ki ce na shuka ƙwayoyin cuta kike so, wanda ke nuna sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta, ba na tsoma tsinke kaɗai ba. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku.

Likita zai iya ƙara gwajin suga, gwajin ciki, da ɗibar ruwan bakin mahaifa don neman cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. In an samu irin waɗannan, maigida ma sai ya sha magani, ba zancen zargi ba ne. Abin lura shi ne in ƙwaya iri ɗaya ce ke ta dawowa bayan an sha maganin da ya dace da ita har ƙarshe, to tana da maɓoya.

Mataki na huɗu: a duba da hannu

Wannan shi ne matakin da ya fi arha, ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Layi ya yi tsawo, likita ya gaji, mace na jin nauyi, sai a rubuta magani daga jin bayani. A ganina duk macen da ciwon fitsari ya dawo mata sau uku ba a taɓa duba ta a kan gado ba, ba a fara yi mata aiki ba tukuna.

Ki shiga da maganarki a shirye. Ba sai kin yi kwana-kwana ba: "Likita, in na gama fitsari na miƙe sai ya ɗigo. Ina jin zafi ta sama in maigida ya kusance ni. Bana sau huɗu ke nan ina shan magani. Ina so a duba ni." In kina son mace ce ta duba ki, ki faɗa, in babu, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya a wurin. Haƙƙinki ne. Ranar kada ki yi matsi, kada ki cusa komai, kada ki wanke ciki da sabulu ko ruwan bagaruwa.

Ga abokan aiki da ke ƙananan asibitoci, ungozomomi da malaman lafiya, ga yadda ake yi. Mace ta kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, a rufa mata zani, a samu haske mai kyau. A fara kallon mafitar fitsari: tana tsakiya ko an ture ta gefe, akwai jan tsiro a bakinta ko babu. Sannan a ɗauki ƙarfen dubawa mai harshe ɗaya, ko a raba mai baki biyun a yi amfani da rabinsa, a danne bangon ƙasa. Dalili kuwa, in aka zura mai baki biyu yadda aka saba aka buɗe, harshensa na sama zai rufe daidai wurin da ake nema, a ga bakin mahaifa tas a ce babu komai. Da an danne ƙasa, bangon sama zai bayyana. A nemi kumburi a tsakiya, santimita 1 zuwa 3 daga bakin farji.

Sai a sa yatsa ɗaya cikin safar hannu, cikin yatsan na kallon sama, a kai shi wajen wuyan mafitsara, a jawo shi a hankali zuwa waje ana ɗan dannawa a kan bututun, ido na kan mafitar fitsari. A gaya mata tukuna: "Hajiya, zan ɗan danna nan, in kin ji zafi ki faɗa mini." Mai jaka takan zabura daidai wurin, yatsa ya ji abu mai laushi da ruwa a ciki, wani lokaci kuma sai ga ɗigon mugunya ko gurɓataccen fitsari ya leƙo. In ya fito, a ɗiba a kai gwaji. In bai fito ba, ba a wanke ta ba, domin bakin jakar na iya zama a toshe ko ta zazzage kafin a zo. In kuma yatsa ya ji tauri ko gurzar tsakuwa, a tura ta gaba da gaggawa. Tsakuwa na taruwa a wasu jakunkunan, kuma a kaɗan daga ciki ana samun ciwon daji.

Ba kowane kumburi a wurin ne jaka ba. Saukowar mafitsara ta fi faɗi, ba ta da zafi, tana ƙaruwa in an yi nishi. Ƙullin kafofin Skene a bakin mafitar yake, yana ture ta gefe. Kumburin kafofin Bartholin, masu jiƙa bakin farji, a ƙasa yake, gefen bakin farjin. Akwai kuma ƙullin ruwa da ake haihuwar mace da shi a gefen bango. Yatsa ba ya iya yanke hukunci tsakaninsu duka, shi ya sa ake zuwa hoto.

Mataki na biyar: hoto, amma wanda ya dace

Mata da yawa za su ce ai an yi musu sikanin har sau uku ba a ga komai ba. Sikanin da ake shafa mai a ciki a duba mahaifa da ƙwai ba ya kallon bututun fitsari, ƙashin mara na tare shi. Wanda ake so shi ne a ɗora kan na'urar a bakin farji daga waje, ko a zura ta kaɗan ba can ciki ba, don in ta shige sosai ta wuce wurin, kuma tana matse jakar ta ɓace. Ba shi da tsada sosai, ba shi da illa ga mai ciki, amma ya dogara da gwanintar mai yi. Takardar da likita zai rubuta ta faɗi ƙarara cewa bututun fitsari ake zargi.

Wanda ya fi duka shi ne MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da babbar na'ura mai maganaɗisu. Yana nuna girman jakar, ko ɗaki ɗaya ce ko da yawa, ko a ƙasan bututun take, ko ta rungume shi rabi, ko ta zagaye shi gaba ɗaya, da ko akwai tsiro a ciki. Likitan tiyata na buƙatar wannan sani kafin ya sa wuƙa. Sai manyan asibitoci da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu ke da shi, kuma da tsada, saboda haka a tambayi kuɗin a shirya. Shi ya sa ma nake ganin kada a fara da shi. A bari likitan mata ko likitan mafitsara ya duba tukuna, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko babban asibitin tarayya da ke Azare, shi ya rubuta irin hoton da yake so. Ranar hoton za a ce ki yi fitsari kafin ki shiga, ki cire 'yan kunne, sarƙa, awarwaro da fil ɗin mayafi. Za ki kwanta cikin na'urar kusan rabin awa ko fiye, tana ƙara sosai, ba ta da zafi. In akwai ƙarfe ko wata na'ura a jikinki, ko kina da ciki, ki faɗa tun a ƙofa.

Akwai tsohuwar hanya ta sa robar fitsari a cika mafitsara da ruwan da ke fitowa a hoton ƙashi, sannan a ɗauki hoto mace na fitsari. Tana aiki, sai dai mata da yawa ba sa iya fitsari a gaban mutane, kuma in bakin jakar ƙarami ne ruwan ba ya shiga. Wata hanyar ta roba mai balan-balan biyu, wadda Davis da Cian suka fito da ita a 1956, ta taimaka ƙwarai a zamaninta, amma da zafi, yanzu ba kasafai ake yinta ba.

Likitan mafitsara zai iya zura siririyar kyamara ta bututun don neman bakin jakar, galibi a bangon ƙasa wajen tsakiya, yana dannawa ta farji ko mugunya za ta ɓullo. Da ita kuma yake tabbatar babu wani ciwo cikin mafitsara. Rashin ganin bakin ba ya nufin babu jaka.

Abin da ba a jira da shi, da abin da ba a yi

Zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon kwiɓi, fitsari ya ƙi fita sam, jini a fitsari, ƙulli mai tauri ko mai saurin girma, ko kuma mai ciki ce ke jin waɗannan alamu: a tafi asibiti ranar, ba sai an gama gwajin ƙyalle na kwana uku ba.

Kada a bari wanzami ko ungozomar gargajiya su ga kumburin su ce gishiri ne ko angurya su kawo aska. Tsakanin bangon farji da bututun fitsari 'yan milimita ne. Yanka ɗaya ya isa ya mai da mai ɗigo biyu ta zama mai yoyo dare da rana. Kada a tsaga shi a kemis da sunan ƙurji, kada a yi ta matsi da kanwa ko alif. Iyaye da mazaje, ku ma wannan maganar taku ce, domin sau da yawa ba ita ke yanke shawarar inda za a kai ta ba.

In an tabbatar jaka ce, ba kowa ake yi wa tiyata ba. Ƙarama marar damuwa ana iya barinta ana bibiya. Mai ciki akan lallaɓa ta da maganin da ya dace har ta sauka. Wadda ke wahala kuwa, ana cire jakar ta farji ba tare da an buɗe ciki ba, a ɗinke bututun hawa-hawa, wani lokaci a ɗauko ɗan kitse daga leɓen gaba a shimfiɗa tsakani don ɗinkin ya kama. Za ki koma gida da robar fitsari na sati biyu zuwa uku, a ɗage saduwa kusan sati shida. Mafi yawa na warkewa, amma ki tambayi likita tun kafin ki sa hannu game da abin da ka iya biyo baya: kuɓucewar fitsari in an yi tari, ƙuncewar bututu, yoyo, ko dawowar jakar. Ki nemi wanda ya saba aikin wurin. Naman da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji don a tabbatar babu daji, sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma ko kin ji garau ki koma ki karɓa ki kai wa likitan da ya yi aikin.